Lemon Tsamin Batulu

Kububuwa ce kwance a bakin tabarma, kanta dab da ƙafar jaririya, a wani gida na Ƙofar Doka. Uban yarinyar, Malam Mika'ilu akawu, mai koyon ƙwallon lambu, wato golf, wurin Turawan Reluwe, ya ɗaga sandar wasan.

"Ba zan iya ba, Batulu! Yarinyar zan fasa!"

Matar tasa ta gangaro da lemon tsami a hankali, ya tsaya gefen macijiyar.

"Malam, manta da ita. Ga ƙwallonka nan. Ja numfashi, ka buga."

Wai, 'ya'yana, ya buga! Kan macijiya ya tarwatse, jini ya fantsama har bango, gangar jikin na ta birgima. Batulu ta fizge 'yarta.

Mika'ilu ya bugi ƙirji. "Kin ga hannun gwani?"

"Na gani," in ji ta, ta sunkuya ta ɗauko lemonta, ko ƙwarzane babu. "Kullum ina kallonka kana gwaji a tsakar gida. Ba ka taɓa samun ƙwallon ba, Malam. Taƙi ɗaya hagu kake sauka, shi na auna."