Gwaji na Talatin da Ɗaya

Karo na talatin ke nan sinadarin ya mutu a hannun matashiyar mai binciken kimiyya. Ta haɗa shi ne don ya taimaki lantarki ya fasa ruwa, ya fitar da haidirojin, iskar da za ta dafa tuwo ba hayaƙi. Amma minti biyu kawai yake aiki, sai ya yi baƙi. Shugaban ɗakin gwaje-gwaje ya ba ta mako ɗaya, ko a rufe binciken.

Ta koma gida a unguwar Zongo, ta tarar da mahaifinta yana sauya wa huhun goro ganye. Ta ɓare ƙwaya ɗaya, tunani ya ɗauke ta.

"Uwata, ki ci ko ki rufe," in ji tsohon. "Iska ke ɓata goro."

Ta dubi ɓarin da ya yi duhu a tafinta, ta miƙe ko sallama babu.

Ranar Alhamis ta lulluɓe sinadarin da siririn rufi mai tare iska, ta kunna wuta. Minti biyu suka wuce, awa ta wuce, kumfar haidirojin na ta tashi, sinadarin bai yi baƙi ba. A gurbin sunan gwajin ta rubuta: "Huhun Baba."