Marinin da Ke Ɗanɗana Baba

Kai da kake cewa ɗan kaɗan ba ya kisa, saurari wannan. An yi wani marini da ya shekara talatin a karofi. Al'adarsa, kamar ta iyayensa, ba ya tsoma zane sai ya lakaci ruwan baba da yatsa ya ɗanɗana, harshensa ya gaya masa ko ya nuna. Da kasuwa ta buɗe masa, masu jira suka yi yawa, sai ya fara zuba cokali guda na wata hodar rini ta kanti don launi ya kama da wuri. Cokali guda a ramin da zurfinsa ya fi tsayin mutum, a wurinsa ko ambato bai isa ba. Ɗanɗanon kuwa bai bari ba. Sannu a hankali ƙarfinsa ya soma zuƙewa, numfashi ya yi masa wuya, leɓɓansa suka yi shuɗi har abokan sana'a na tsokanarsa wai ya rina bakinsa kyauta. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, shiru kake ji. Ranar da muciyar motsa baba ta gagare shi ɗauka tsoro ya kama shi, domin ita ke ciyar da gidansa.

A asibiti, mai gwaji ta tambayi sana'arsa, ta karɓi fitsarinsa, ta tace shi har ya yi garau. Ya ƙura wa kwalbar idon nan da ke bambanta shuɗi kala bakwai, bai ga komai ba. Sai ta ɗiga wani sinadari, ta ce an haɗa shi ne yadda ba ya haske sai ya gamu da dafin da ake nema, shi kaɗai. Ta sa kwalbar cikin wani akwati mai duhu, ta ce ya leƙa. Ruwan ya kama haske kore shar, kamar idon kyanwa a lungun ɗaki. Shi da ke ganin ya ƙure sanin launi, ga launin da ba a daka ba, ba a jiƙa ba, daga jikinsa ya fito yana ba da shaida a kansa. Ya daɗe yana leƙe, bakinsa sai tasbihi. "Malam, me kake lasa a wurin aiki?" in ji ta. Ya gaya mata zancen hodar da ɗanɗanon, ta ce daga nan dafin ya shige shi. Ya warke bayan wata huɗu, amma ramuka uku da ya gada, waɗanda hodar ta gurɓata, ya cike su da ƙasa da hannunsa.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.