Mai Kiwon Kaji da Manhajoji Uku

Ka tambaye ni wace manhaja za ka sa a wayarka don ajiye rubuce-rubucenka, kuma na ga tun da safe ka riga ka sauke huɗu. To zauna, ƙanena, ka ji labarin wata mai kiwon kaji. Baiwar Allahn nan kaji ɗari biyu gare ta, da su take ciyar da gida. Duk abin da likitan dabbobi ya faɗa mata, ranar rigakafi ne ko awon magani ne, a wayarta take rubutawa, cikin wata manhaja mara kwalliya. Ana nan sai maƙwabciyarta ta ce wannan ai tsohon yayi ne, ga wata da ke kai rubutu daga waya zuwa kwamfuta da kanta. Ta sauke, ta kwashe rabin bayananta ta zuba can, ta gaji ta bar sauran. Mijin yayarta kuma ya zo da ta uku, wai ita shafin intanet sukutum take adanawa. Ta sauke wannan ma. Ruwan ido dai! Daga nan in likita ya gyara mata wani abu, wadda yatsanta ya fara taɓawa a nan take rubutawa.

Ran nan da hantsi ta shiga wajen kajin ta tarar sun yi jugum, fukafukai a sake, kashinsu fari. Ba ta damu ba, ai an taɓa yi, maganin ma yana nan a kwalba, awon da za ta zuba a ruwan shansu kawai za ta duba. Ta buɗe ta farko, rabin cokali. Ta biyu ta ce cokali ɗaya. Wani shafin intanet da ta adana cikin ta uku ya ce cokali biyu, bai kuma faɗi ko a bokitin ruwa ne ko a jarka ba. Ikon Allah! Ta tuna sarai likita ya taɓa ce mata awon farko kuskure ne, ta kuma gyara. Amma a ina ta gyara? Wanne ne na farkon, wanne ne gyaran? Ta kira likitan, layinsa a kashe. Kanta ya ɗaure tam, ta zauna a kan bokiti tana buɗe wannan tana rufe wancan har azahar, kaji na faɗuwa ɗai-ɗai a gabanta. Da tsoro ya ishe ta sai ta zaɓi mafi yawa, wai ya fi saurin aiki. Kafin kwana biyu, waɗanda cuta ta bari magani ya kwashe. Wallahi har yau in na tuna sai tausayinta ya kama ni, don amsar tana hannunta, ba ta dai san a wace manhajar take ba.

Saboda haka ka zaɓi ɗaya, ko da mara kwalliyar ce, ka goge sauran. Ita uku ta cusa a baki, alhali tun tuni Hausawa suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.