Tsagen Malam Nomau

Wa ya koya wa allurar nan bambance abin da ya lalace da abin da mutum yake so? Likitoci ba su faɗa ba. Sun dai ce a jikin kowa akwai mai tsince gurɓatacce kamar yadda ake tsince wake, na Malam Nomau ne ya gaji, shi ya sa hannuwansa ke rawa. Allura za ta farkar da shi, amma ba ta barin tabo a jiki, ko da tsagen gado ne.

Wata uku yana ƙi. Ya ga maƙwabcinsa ya warke garau, fuska sumul kamar ba Bagobiri ba.

Da safen nan 'yarsa Kuluwa ta miƙo masa jaririyarta.

"Baba, karɓe ta mana."

"Zan yar da ita, Kulu."

"To tsagen ne zai riƙe maka ita?"

"Mahaifina ya yi min shi da askarsa. Abin da ya rage min nasa ke nan."

Ta janye jaririyar.

Da la'asar ya je asibitin unguwa. Ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya hannun dama, na hagu kuma yana bin layukan kumatunsa ɗaya bayan ɗaya.