Takalman Kwamanda

"Baba, ba a taɓawa," in ji mai gadin ɗakin tarihin bataliya.

Tsohon sojan ya janye hannunsa daga gilashin. A ciki takalman yaƙi ne, an rubuta: "Da waɗannan Kwamanda ya yi tafiyar kwana tara a ƙasa, ya fito da dakarunsa daga daji."

Ya gane ɗinkin wayar da ke diddigen hagu. Da hannunsa ya yi shi, kafin Kwamanda ya ce, "Kofur, cire naka, nawa sun yage."

"Ka san Kwamanda ne, Baba?"

"Na dai san takalman."

Ya ja sandarsa ya fita, silifas na suɓuce masa. Yatsun da za su riƙe shi suna can daji.