Kifin da Ba Ya Cin Ƙugiya

Ga su nan kuma. Manyan baka uku, kamar jinjirin wata a kife, alamar manyan kifi, suna ratsa fuskar na'urar gano kifi daga dama zuwa hagu, a ƙarƙashinsu tarin ƙananan kifi ya yi duhu. Pak Deraman ya saki ƙugiya daidai zurfin da lambar ta nuna, ya riƙe numfashi. Ko motsi zaren bai yi ba.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a manyan jiragen kamun kifi na gaɓar Terengganu, yau shi ne a kayak, ɗan kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya, yana kewaya bakin gaɓa. Tun da aka yi masa aikin zuciya likita ya hana shi tuƙi mai nisa, balle tsallake baƙin dutsen nan da manyan kifin tenggiri ke taruwa a bayansa. Ɗansa ya aiko masa da na'urar gano kifi don ya rage zafi. Idon tsoho ba ya ganin ƙananan rubutu, sai matarsa Semah ta koyi sarrafa ta a waya. Ita ke cajin batir, ita ke kunnawa da safe. In ya dawo da la'asar takan shigo ruwa har gwiwa ta cire abin ta nannaɗe a zani, wai gishiri na ɓata shi.

"Me za ka je nema a bayan dutse, Abang?" in ji ta kullum, don Abang take kiran mijin nata. "Ga arziki nan a ƙarƙashinka."

Kuma da gaskiyarta. Duk inda ya tsaya kifi ne maƙil a fuskar na'urar, ƙugiyarsa kaɗai suka tsana.

Ya canja tsutsa ya sa jatan lande, ya canja zare, ya yi sadaka a masallaci. Abokinsa Awang Kecik kuwa ba ya raga masa a shagon kofi.

"Deraman, ka soya mana talabijin ɗin naka mana, tunda kifin duk a ciki suke!"

Yakan yi dariyar yaƙe, amma abin na cinsa. Ba rashin kifin ne ya fi tayar masa da hankali ba. Inda ya san laka ce tun yana yaro, na'urar ta nuna masa tudun duwatsu. Inda ya san ruwan bai fi tsayin mutum biyu ba, ta ce rami ne. Mahaifinsa ma haka ya fara, da manta hanyoyin teku, ya ƙare bai san sunan 'ya'yansa ba. Tsoro ya kama Deraman sosai, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar nan ya yanke wa kansa hukunci: in manyan nan uku suka sake wucewa ba su taɓa ba, shi da teku har abada.

Suka wuce. Ƙananan suka bi bayansu, yadda suka saba.

Ya naɗe zare, ya juya gida tun rana na tsaka. Babu kowa a gaɓa, don ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya ja kayak ɗin da kansa har gindin kwakwa, ya zube a gefensa yana haki, hawaye na bin gemunsa. Ya miƙa hannu zai kashe na'urar.

Manyan baka uku suna ratsa fuskarta, ƙananan kifi na biye, a ƙarƙashin busasshen yashi.

Yana cikin kallonsu ya ji ƙarar faɗuwar kwano. Semah ce tsaye, shinkafar da ta ɗauko ta watse a ƙafarta, idonta a kan na'urar.

"Hoton talla ne, irin wanda ake kunnawa a kanti," ta ce. "Ni na bar ta a kai tun ranar farko, Abang. Gara ka riƙa dawo min hannu rabbana da a ɗauko min kai daga bayan dutsen nan."