Shawarar Maman Mujalla

Rhoda na danne mujallunta da duwatsu saboda iskar hadari, sai ga Oga Wilson a gaban teburinta da ƙaton ambulan a hammata. Wata biyu ke nan da saukar soja daga mulki, gari ya cika da sababbin onarabul, kowa na neman motar da za ta dace da sabuwar rigarsa. Wilson, mai gidan ɗab'i a unguwar Television, mujallar motoci yake son fitarwa domin su.

A Sabon Tasha ba mai kiranta da sunanta, Maman Mujalla ake cewa. Karatunta bai wuce haɗa baƙi ba, amma shekara goma sha ɗaya ta yi a bakin titin nan, tun da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Irene. Ta san kanikawa ƙananan rubutu suke so da zanen cikin inji, a takardar da baƙin mai ba ya ɓatawa. Samari kuwa jar mota a shafin tsakiya, su ɓalle su manna a bango. Manya fa? Takarda mai nauyi, mota ɗaya, magana kaɗan. Su ba karantawa suke yi ba, ajiyewa suke a falo baƙo ya gani.

Wilson ya ce mutum biyu ke neman aikin tsara shafukan, ɗaya zai ɗauka, ga samfurin aikin kowanne a ambulan, ya cire sunayensu don kada a yi son kai. Idonta ya zo aro. Ta ce idonta ba na aro ba ne, sai da ya yarda duk fitowar mujallar ita za a fara kawo wa kafin sauran 'yan tebur. Sannan ta goge hannu a zani.

Na farko baƙar mota ce ita kaɗai, fari fat kewaye da ita, kalma huɗu a ƙasa. Na biyu motoci bakwai ne a cunkushe, rubutu ja da rawaya, kamar tallar maganin basir. Wani mai babbar riga da ya tsaya sayen jarida ma ya leƙo, kuma a kan baƙar motar idonsa ya tsaya.

Rhoda ta ƙura wa baƙar motar ido. Can ta tambaya ko a Television ɗin za a riƙa yin aikin. Wilson ya ce ina, Abuja, can masu sayen suke, har ɗaki ya kama wa wanda zai ɗauka.

Ta sa yatsa a kan na biyu.

"Oga, wannan za ka ɗauka. Mutanenmu in sun sayi abu, so suke su ga takarda ta cika. Wancan za a ce tawada ce ta ƙare maka."

Wilson ya sosa ƙeya, ya ce shi fa na farkon ne ya kwanta masa. Ta ce to ya je ya tambayi wanda ya fi ta sani. Nan take ya ba da haƙuri, ya yi godiya, ya tafi.

Tun da ta kafa teburin nan ba ta taɓa ba mutum abin da ta san ba nasa ba ne. Kwana uku abinci bai yi mata daɗi ba. Ranar Lahadi mata na waƙa a coci, ita bakinta ya ƙi buɗuwa.

Ranar Litinin da yamma ta tarar da Irene zaune a ƙofar ɗaki, ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama, aikin mujallar nan bai yiwu ba. Wai an nuna wa wata da ta san kasuwa."

Rhoda ta ce Allah zai kawo wani, a nan kusa. Ta shige ciki da sauri, ta kauce wa teburin cin abinci, inda ta yi mako biyu tana kallon Irene na yanke baƙar motar nan da reza tana gwada ta a tsakiyar farar takarda.